Shaye-shayen yara: Iyaye mu san inda 'ya'yanmu ke kwana

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili domin in yi magana da 'yan'uwana manoma da 'yan tireda da masu kasa kaya a kasuwannin ƙauye, a kan wata masifa da ta shigo mana har cikin gida, wato shan giya da sauran kayan maye a tsakanin yaranmu 'yan shekara 13 zuwa 19. Ni dai ba malami ba ne, ba kuma likita ba, iyakar karatuna firamare. Da damina noma nake yi, da rani kuma in bi kasuwanni da ɗan kayan tireda. Amma wanda yake cin kasuwa uku ko huɗu a mako yana ganin abin da na zaune a ofis ba ya gani.

Maganata guda ɗaya ce. Duk inda aka tayar da zancen shaye-shaye, ko a majalisa ko a teburin mai shayi, sai ka ji kowa yana cewa laifin gwamnati ne, laifin 'yan sanda ne, laifin zamani ne. To, gwamnati tana da nata laifin, ba na musu. Amma yaron da ya sha giya daren jiya daga wani gida ya fito, kuɗin da ya saya da su daga wani aljihu suka fito, kuma da ya gama sha wani ɗaki ya koma ya kwanta. Gidan nan da aljihun nan da ɗakin nan duk namu ne, mu iyaye. Ai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Dalilin da ya sa na ce kada mu zauna jiran hukuma shi ne, mu duba abin da aka yi a baya. Tun a 1989 aka kafa hukumar NDLEA mai yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi. A shekarar 2000 jihohi irin su Zamfara da Kano suka fara aiki da Shari'ar Musulunci, aka rufe gidajen giya da yawa, kuma mun sha ganin 'yan Hisba a Kano sun tara kwalaben giya ana farfasawa a bainar jama'a. Amma sai ga yara sun gano maganin tari mai kodin, wanda ba ya wari a baki, a juye shi cikin kwalbar lemo a sha a gaban kowa. A 2018 BBC ta fitar da fim a kan wannan bala'i, nan da nan Gwamnatin Tarayya ta hana haɗa shi da shigo da shi. Duk da haka ga ƙwayar tiramadol, ga tabar wiwi, ga sholisho, ga zaƙami, ga kuma giyar leda da yaro zai jefa a aljihun wando ba wanda ya sani. A farkon 2024 hukumar NAFDAC ta sanar da hana giyar leda da ta ƙananan kwalabe waɗanda ba su kai mililita 200 ba, aka yi ta ja-in-ja da masu kamfanoni. Duk manomi ya san halin ruwa a gona mai gangare, ka tare shi nan ya ɓalle can. Doka tana da amfani, amma ba ta taɓa isa ita kaɗai ba.

Kada wani ya ɗauka abin ƙarami ne. A farkon 2019 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi suka fitar da wani bincike da ya nuna mutum miliyan 14 da dubu 300, 'yan shekara 15 zuwa 64, suna ta'ammali da kayan maye a Nijeriya, kuma ba a ma sa giya da taba sigari cikin wannan lissafi ba. Likitoci sun ce ƙwaƙwalwar mutum ba ta gama nuna sai ya kai wajen shekara 25, shi ya sa wanda ya fara sha yana ɗan 14 ko 15 ya fi saurin kamuwa, ya kuma fi wuyar dainawa, a kan wanda ya fara da girmansa. Giya tana cinye hanta. In aka haɗa ta da kodin ko tiramadol tana iya tsayar da numfashi, yaro ya kwanta barci a wayi gari babu shi. Ita kuwa wadda ake dafawa a bayan gari ba wanda ya san abin da aka zuba mata. A 2015 a garin Ode-Irele na Jihar Ondo mutum aƙalla 18 suka mutu bayan sun sha ogogoro mai guba, wasu sai da suka makance kafin su cika.

To me za mu yi? Abu na farko, kuma wanda ya fi kowanne muhimmanci a ganina, shi ne dare. A al'adarmu da zarar yaro ya fara tasawa sai a fitar da shi daga ɗakin uwarsa, a ba shi shago a ƙofar gida, ko ya koma kwana ɗakin abokinsa a wata unguwa. Al'adar ba ta da laifi. Laifin shi ne daga ranar da aka fitar da shi, uban ba ya ƙara leƙa wannan ɗaki. Akwai magidancin da ya san adadin buhunan da ke rumbunsa, ya san wace akuya ce ba ta dawo daga kiwo ba, amma ka tambaye shi su wa ke kwana a shagon ɗansa, sai ya ce maka ai samari ne. Jama'a, a cikin irin waɗannan ɗakuna ake koya wa yaro kurɓa ta farko, kuma wanda ke koya masa galibi abokinsa ne ko yayan abokinsa da ya dawo daga ci-rani. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ka sa wa gidanka lokacin rufe ƙofa. Ka ce bayan sallar isha'i da cin tuwo, in an je kallon ƙwallo ko hira, ƙarfe goma kowa yana gida. Ka riƙa shiga shagon nan ba tare da ka yi sanarwa ba, ka zauna ka sha hira da su, ka san sunan kowane aboki da sunan ubansa. Kuma a daure a ci abincin dare tare, domin a bakin akushi ake ganin idon yaro da yadda hannunsa yake.

Wannan dabara ba ta ƙauye kawai ba ce, har Turawa da ita suka yi maganin tasu matsalar. A ƙasar Aislan, can arewacin Turai, a 1998 yara 42 cikin 100 'yan shekara 15 da 16 sun ce sun bugu da giya a cikin wata guda da ya wuce. Sai suka sa doka cewa yaro ɗan 13 zuwa 16 ba ya yawo a waje bayan ƙarfe goma na dare lokacin sanyi, iyaye suka yi alkawari a tsakaninsu cewa kowa zai san inda ɗansa yake da wanda yake tare da shi, aka kuma samar wa yaran wasanni da abin yi bayan makaranta. Zuwa 2016 adadin ya faɗo zuwa 5 cikin 100. Ba mu da kuɗin da suke da shi, amma sanin inda ɗanka yake da dare ba ya cin ko kwabo.

Abu na biyu shi ne kuɗi. Yaron ƙauye na yau yana riƙe kuɗi tun yana ƙarami. Wani yana acaɓa, wani ƙwadago a gonakin mutane, wani dako ranar kasuwa, wani ya tafi haƙar ma'adinai. Neman na kai abin yabo ne, amma yaro ɗan shekara 15 da kuɗi a aljihu ba mai tambayarsa, tamkar an ba shi wuƙa ne a ce ya yi wasa. Giyar leda da ƙwaya kuɗinsu bai kai na kwanon abinci ba. Ka tambayi ɗanka nawa ya samu yau, me ya yi da su. Ka sa shi cikin adashi, ko ka haɗa masa ya sayi ɗan akuya ko tinkiya ya yi kiwo, ko ka yanka masa gayauna tasa ta kansa. Yaron da yake da abin da yake tarawa domin sa ba ya son ya ga kuɗinsa sun tafi a banza. Sannan mu masu ɗaukar 'yan ƙwadago mu ji tsoron Allah. Kowa ya san yaran da suke haɗiyar ƙwaya ko su sha gadagi domin su yi noman mutum biyu a yini ɗaya. In ka ga yaro yana huɗa tun safe har la'asar ba ci ba hutawa, idanunsa sun yi ja, kada ka yi murna ka ce ka sami jarumi. Gonarka za ta yi kyau bana, shi kuwa ɗan mutane ya shiga abin da zai yi shekaru bai fita ba.

Abu na uku shi ne aike da abin da yaro ke gani a gida. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Uban da yake aiken ɗansa ya sayo masa taba, ko burukutu a garuruwan da ake dafa ta, ko ƙwaya a wurin mai tallar magani, shi da kansa ya nuna masa hanya, ya nuna masa mai sayarwa, ya kuma cire masa kunyar zuwa. Gobe in ya je don kansa, mai sayarwa zai ɗauka aike ne. In Allah ya jarrabe ka da wani abu da ka kasa bari, to kada ka sa ɗanka a ciki, kuma kada ka yi a gabansa. Haka su ma iyaye mata, a daina ajiye maganin barci da na tari a inda kowa zai ɗauka, kuma a daina ɗura wa jariri maganin da zai sa shi barci domin a sami sararin aiki.

Abu na huɗu shi ne magana. Mu Hausawa muna da alkunya, musamman ga ɗan fari, har wani ba ya kiran sunansa, balle ya zauna da shi a yi zancen giya. To in alkunya ta hana ka, ai Allah ya hore mana dangi. Akwai kawu, akwai baffa, akwai gwaggo, akwai kaka wadda take wasa da jika, yana faɗa mata abin da ba zai taɓa faɗa maka ba. Ka wakilta ɗaya daga cikinsu. Kuma a fara tun yaro yana ɗan shekara 10 ko 11, kafin abokai su riga mu, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A gaya masa gaskiyar abin da giya take yi wa jiki, a nuna masa cewa addininmu ya haramta ta, kuma 'yan'uwanmu Kirista ma ba a yarda da buguwa a wurinsu ba. A koya masa abin da zai ce in aka miƙo masa, ko da cewa zai yi babana yana jin warin bakina kullum dare. Yaro yana buƙatar hujjar da zai kare kansa da ita a gaban abokai ba tare da an ce masa matsoraci ba. Zagi da tsinuwa ba sa cikin abin da nake nufi da magana. Yaron da kullum ake ce masa ɗan iska, wata rana zai ce to bari in zama.

Kada kuma mu ce abin na maza ne kawai. Wancan bincike na 2019 ya nuna cikin kowane mutum huɗu masu shaye-shaye ɗaya mace ce. Yarinyar da aka ɗora wa talla tun hantsi har dare tana bin tasha da gareji da wurin 'yan caca, wa ya san abin da ake ba ta ta sha? Gidan biki ma haka, inda 'yammata suke kwana ɗaki guda ba babba a kusa. Uwa ta san lokacin da talla ke ƙarewa, ta san ƙawayen 'yarta, ta kuma lura da kwalbar lemon da ake riƙewa ba a son kowa ya taɓa. Sannan ina roƙon iyaye mata su daina rufa wa yaro asiri a wurin ubansa. Na san tausayi ne da gudun gorin kishiya, amma ciwon da aka ɓoye shi ke kisa.

Ga alamun da ya kamata mu lura da su. Yaro ya canza abokai farat ɗaya. Ya koma barcin rana da yawon dare. Ya daina cin abinci da mutane, yana yawan tauna cingam ko shan minti in zai shigo gida. Idanu su yi ja, magana ta riƙa jan baki, ya riƙa fushi a kan abin da bai kai ya kawo ba. A fara nemo kwanon hatsi ko kaza ko kuɗin cefane a rasa. Malamin makaranta ko na allo ya ce kwana biyu ba ya ganinsa. Wani kuma sai ya faɗi yana shure-shure kamar mai farfaɗiya a ce aljanu ne, alhali tiramadol tana jawo haka. Wadda hukuma ta yarda da ita a asibiti mai lamba 50 ce da 100, in ka ga mai 200 ko 225 a aljihun ɗanka, to ta bayan fage ce. Alama ɗaya ba ta isa a yanke wa yaro hukunci ba, amma in uku ko huɗu suka haɗu, to a zauna da shi.

In kuwa ta tabbata ya fara, don Allah kada a kore shi daga gida. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Wanda aka kora tasha zai koma ko bayan kasuwa, wurin waɗanda suka koya masa, su kuwa hannu biyu za su karɓe shi. Kada kuma a yi masa magana yana cikin maye, a bari sai ya wartsake. Kuma a yi hattara da gidajen mari. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fito da mutum wajen 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa da tabon duka, bayan 'yan makonni aka sake samun irinsa a Daura. Da yawa iyayensu ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi, da niyyar a gyara musu su. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnati a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau ta Kano, kuma ofisoshin NDLEA na jihohi suna da masu ba da shawara. Zuwa can ba ya nufin ɗanka mahaukaci ne. Wanda jikinsa ya saba da giya sosai, in ya bari rana ɗaya yana iya kama makyarkyata da suma, shi ya sa ake son likita ya sa ido. A haɗa da addu'a da haƙuri, domin malamai sun karantar da mu cewa haramcin giya ma mataki-mataki ya sauka, a Suratul Baƙara, sannan Nisa'i, sannan Ma'ida.

Wani abu kuma da kowa ya kamata ya sani, in aka tsinci yaro ya bugu har ba ya jin kira, a kwantar da shi ta gefe domin kada amai ya shaƙe shi. Kada a ɗura masa madara ko manja ko ruwa yana sume, kada kuma a kulle shi a ɗaki a ce barci zai warware. A nemi abin hawa a kai shi asibiti. Jin kunyar makwabta bai kai ran ɗanka ba.

Yanzu na dawo kanmu, 'yan'uwana 'yan kasuwa. Mai tireda, mai kemis, mai tallar magani a kan keke, mai shayi, mai sayar da kayan facin taya, dukkanmu iyaye ne. Mun san bambancin mai faci da ya zo sayen sholisho domin aikinsa da yaron da ya zo da tsumma a aljihu. Mun san wanda tari ke damunsa da wanda yake zuwa kullum yamma. Su kansu kamfanonin giya suna rubutawa a jikin kwalba cewa ba ta ɗan ƙasa da shekara 18 ba ce. Ribar da ka ci a kan lalacewar ɗan wani, ka sani wani yana can yana cin irinta a kan naka. Ina kira ga sarakunan kasuwa da shugabannin ƙungiyoyinmu su sa doka a tsakaninmu, duk wanda aka kama yana sayar wa yaro abin maye a tashe shi daga rumfa a miƙa shi ga hukuma.

Daga ƙarshe ina kira ga masu unguwanni da dagatai da limamai su tara magidanta a yi yarjejeniya, domin uba ɗaya ba zai iya shi kaɗai ba. In ka hana naka fita alhali na makwabta suna waje, kai ne za ka zama mugu a idonsa. A amince da lokacin da gidan kallo zai rufe, da lokacin da kiɗan biki zai tashi. A dawo da maganar nan ta da cewa ɗa na kowa ne, in makwabcinka ya zo ya ce ya ga ɗanka a wuri kaza, ka yi masa godiya, kada ka ce hassada yake yi maka. Kuma in lokacin zaɓe ya zo, kada mu yarda a kwashi 'ya'yanmu a bayan mota a ba su ƙwaya da gora su yi wa wani banga, alhali nasa 'ya'yan suna makaranta.

Ina roƙon duk wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a majalisa da masallaci da rumfar kasuwa. Kuma kowane magidanci, yau da dare kafin ya kwanta, ya ɗauki tocila ya je ya ga ko ɗansa yana ɗaki, da kuma wanda yake tare da shi. Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba mu ikon sauke amanar da ya ɗora mana, amin.

Naku a kullum,
Wani manomi kuma ɗan tireda, mai karanta jaridarku.